Mayun Sani a Cikin Azuzuwanmu



Da aka ce in zo in yi jawabi a gabanku, sai da gabana ya faɗi, domin mai tsayawa ya yi wa malamai bayani tamkar mai kawo tallan kifi ne kasuwar Haɗeja. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan wani irin ɗalibi da kowane ɗayanmu ya taɓa zama da shi a aji. Shi ne yaron nan da ya kwance rediyon gidansu don ya ga mai magana a ciki. Ita ce yarinyar nan da ke ɓoye littafin labari a cikin littafin lissafi. Shi ne saurayin da ya haddace sunayen 'yan wasan ƙwallon Ingila da shekarunsu, amma in ka tambaye shi darasin jiya sai ya sunkuyar da kai. Abu guda ya shiga ransu ya yi kaka-gida, har ba sa jin kira in suna kansa.

Bahaushe yana da suna da yake ba irin waɗannan mutane. Maye a asali abin gudu ne, amma yau in an ce wane mayen ƙwallo ne, ko mayen shayi, ko mayen karatu, kowa ya san ba kurwa yake kamawa ba, son abin ne ya kama shi. Har ƙarfen nan mai jawo ƙarfe mun sa masa suna mayen ƙarfe. Turawa kuwa suna da kalmar da suke cewa “gik”, ita ma daga wulaƙanci ta taso. A Amurka, da can, sunan da ake ba mutumin da ake nunawa a wuraren wasa ne, yana gatsa kan kaza da ranta don 'yan kallo su yi dariya. Daga baya ta koma sunan yaron da ya duƙufa a kan kwamfuta, ko littattafan zane, ko labaran sararin samaniya, wanda tsararrakinsa ke yi wa ba'a. Ni dai a wannan jawabi zan kira su mayun sani. Abin da nake so in nuna shi ne, in kana son ka san halin da al'umma take ciki, dubi abin da mayunta suka duƙufa a kai, kana ka dubi yadda ta yi da su.

Bari in fara da laifin kaina, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A farkon aikina an tura ni wata makaranta a cikin fadama, inda in damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake isa. Wata rana ina tsakiyar darasi sai na ji wani ɗan ƙara yana fitowa daga bayan aji, yara kuma suna ta leƙe suna ƙunshe dariya. Na je na tarar da wani yaro da ɗan kwalekwalen da ya sassaƙa bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Ya ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata tsohuwar rakoda, ya haɗa da batiran tocila guda biyu, ya yanko farfela daga gwangwanin madara. Abin yana juyawa. Ni kuwa a lokacin ina jin ƙuruciya da sabon satifiket, sai na ga raini ne. Na karɓe, na taka shi da takalmi a gaban 'yan ajin, na kuma yi masa bulala. Darasin da nake koyarwa ranar nan a kan yadda wutar lantarki ke zagayawa ne a cikin waya. Ina zana shi a allo da alli, yaron yana riƙe da shi a hannu yana aiki, ban gani ba. Zan dawo kan wannan yaro kafin in zauna.

Abin da na yi ba ni na fara shi ba, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake yinsa ba. A shekarar 1948 an tara littattafan zane na yara a wasu garuruwan Amurka an cinna musu wuta a filayen makarantu, bisa zargin suna lalata tarbiyya. A 1954 Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna sauraron bahasi a kansu, masu buga littattafan suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Bayan shekara ashirin da ɗaya, wato a 1975, wasu masu sha'awar haɗa na'urori suka fara taruwa a garejin wani gida a jihar Kalifoniya suna nuna wa juna abin da suka ƙera. Cikinsu akwai Steve Wozniak, wanda shi da abokinsa Steve Jobs suka kafa kamfanin Apple a 1976. Yau kuwa ina labari? A 2022 Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, kuma a watan Janairun 2025, ranar rantsar da shugaban Amurka, shugabannin manyan kamfanonin fasaha ne aka gani zaune a sahun manyan baƙi. Waɗanda ake yi wa dariya a makaranta sun wayi gari su ke riƙe da hanyoyin da duniya ke magana da juna. Wannan labari yana da daɗin ji, amma yana da ɗaci a ƙarshensa, kuma za mu zo wurin.

Kada wani ya ɗauka wannan ɗabi'a baƙuwa ce da waya ta kawo mana. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, malamin da ya bar Katsina ya tafi hajji ya zauna a Misira, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera lambobi a cikin gidajen hatimi ta yadda ko ta ina ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla guda za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yanzu masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Wanda ya ɓata dare da rana yana jera lambobi don kawai ya ga sun daidaita, me za ka kira shi in ba mayen lissafi ba?

A zamanin iyayenmu kuwa rediyo ce ta haifi nata mayun. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. A kowane gari akwai mutumin da ya san mita da lokacin kowace tasha, ya san masu gabatarwa da muryoyinsu, yana aika wasiƙa yana jiran a karanta sunansa. Masu aika katin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna sun kafa ƙungiyoyin zumunta, suna ziyartar juna daga gari zuwa gari alhali rediyo ce kaɗai ta haɗa su. Wannan ita ce kafar sada zumunta tun kafin a san intanet. Kuma daga wannan ɗabi'a ce talakan Arewa ya zama mai sanin siyasar duniya, har za ka iske mai faci a bakin tasha yana yi maka fashin baƙin rikicin Gabas ta Tsakiya.

A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka zaga da shi sararin samaniya. Da yawa daga cikinmu a nan a makaranta muka karanta shi. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna ya ƙirƙiro musu tsari, don Bahaushe ya iya bambanta ƙasa da kasa a rubutunsa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda tun yana yaro zanen mota ne abin sonsa, shi ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A 2007 kuma kafofin labaran duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, har ya ɗaga daga ƙasa. Ashe ke nan irin yana nan a gonarmu. Abin tambaya shi ne, nawa ne suka tsiro, nawa ne kuma aka take da takalmi kamar yadda na yi?

Yanzu bari mu ɗauki madubin mu duba fuskarmu. Abu na farko da mayun sani ke nuna mana shi ne abin da muke tsoro. Misali mafi kusa shi ne littattafan Hausa na zamani, waɗanda wasu suka kira adabin kasuwar Kano, wasu suka ce littattafan soyayya. Daga ƙarshen shekarun 1980 matasa suka fara rubuta labarai suna bugawa da kuɗin aljihunsu, ba su jira wani kamfani ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu ta yi Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta yi Allura Cikin Ruwa. Aka buɗe shagunan hayar littafi a unguwanni, littafi guda ya zaga gida goma kafin bangonsa ya yage. Mata da yawa da aka cire daga makaranta da wuri, da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu na boko bai gudu ba. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu, wasu na ganin shirme ne da zai mutu da kansa, wasu na ganin adabi ne na gaske. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 kuma, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka ƙone tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata.

Ba na cewa duk abin da aka rubuta mai kyau ne. Ni uba ne, akwai littattafan da ba zan so in gani a hannun 'yata ba, kuma iyayen da suka damu suna da hujjarsu. Amma mu tambayi kanmu, me yawancin littattafan nan suke magana a kai? Auren dole, sakin wulaƙanci, zaman kishi, da yarinyar da ke son ci gaba da karatu aka hana ta. Waɗannan abubuwa marubutan a gidajenmu suka gan su. Wutar ta cinye takarda ta bar matsalar inda take. Yau ga littattafan sun koma cikin waya, ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp, inda babu malamin da zai gani balle ya yi gyara. Abin da aka yi a Amurka a 1948 shi aka maimaita a Kano bayan kusan shekara sittin, kuma a wuraren biyu sakamakon ɗaya ne.

Abu na biyu da madubin ke nunawa shi ne wa aka bari ya shiga, wa aka tsayar a bakin ƙofa. Ana yawan cewa duniyar fasaha ba ta san ɗan wane ba, iyawarka ce kawai. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, amma da aka nuna ta ga jama'a a 1946 ba a gabatar da su ba, sai bayan shekaru masu yawa aka tuna da su. A 2014 kuma wasu gungun masu wasannin kwamfuta suka yi wa matan da ke wannan sana'a taron dangi a intanet, da zagi da barazanar kisa, har wasu suka bar gidajensu. Mutanen da suka taso suna kukan an ware su, da suka sami fili sai suka ware wasu. Wanda aka zalunta ba ya zama adali don kawai an zalunce shi, sai in an koya masa adalci.

Mu dawo gida. Tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya aka sami irinsu a Kafin Hausa, da ta 'yan mata a Taura. Likitoci da injiniyoyi da yawa da muke alfahari da su yau daga can suka fito, kuma da yawansu 'ya'yan talakawa ne. Bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, a farkon shekarun 2000 gwamnatin Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara wannan tunani ba. Yau muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja. Duk wannan abin godiya ne. Amma tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yinta. Ku da kuke koyarwa a ƙauyukan Guri da Birniwa da Kiri Kasamma kun sani, akwai ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsa ya taɓa madannan kwamfuta. Yana zaune kusa da ɗan birni wanda ya tashi da ita a ɗakinsu, an ba su minti ɗaya, an ce gasa ce ta adalci.

Ko a cikin gida ɗaya ma rabon bai zama daidai ba. Yaro namiji yana iya zama a shagon mai gyaran waya har dare yana kallon yadda ake narka dalma, ya tafi kasuwar Farm Centre a Kano ya koyo sana'a, a ce yana da zuciyar nema. Ƙanwarsa in ta riƙe waya minti goma sai a fara tambayar da wa take magana. Ita sha'awarta dole ta ɓoye ta. Saboda haka in kun ga mayun kwamfuta a garinmu kusan duk maza ne, kada ku ce haka Allah ya yi ƙwaƙwalwar mata. Ku dubi wanda aka ba lokaci da izini da wutar caji.

Abu na uku shi ne yunwa da siyasa. Ku tuna shekarar 2024, lokacin da ko ina ka duba, a majalisa, a tasha, har a ɗakin malamai, za ka ga mutum ya duƙa yana ta dannan fuskar waya babu ƙaƙƙautawa, wai yana haƙar kuɗin intanet. Aka yi ta Notcoin, aka yi ta Hamster Kombat, da ranar rabo ta zo a watan Satumba mutane da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙone ba. An yi musu dariya, amma ni abin tausayi na gani. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin komai ya tashi, ga saurayi da takardar digiri ba aikin yi. Yaran nan sun koyi buɗe asusu, da canjin kuɗi, da kalmomin Turanci masu wuya, cikin 'yan makonni, ba malami ba allo. Basirar tana nan. Rashin wurin zuba ta ne ya sa ta kwarara inda ta ga gangare, kamar yadda ruwan kogin nan namu yake yi in hanyarsa ta toshe.

'Yan siyasa kuwa sun riga mu gane amfanin waɗannan yara. Da can sojojin baka a rediyo suke, yanzu sun koma Facebook da TikTok. Yaron da ya iya haɗa hoto da bidiyo, ya iya rubutu mai jan hankali, ana saya masa data a ba shi ɗan abin kashewa, ya wuni yana yabon wanda bai san shi ba, yana zagin sa'an mahaifinsa. Gwamnati ita ma ta san ƙarfin abin, shi ya sa bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, da kuma goge wani saƙon shugaban ƙasa, aka rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ga ɗacin da na ce za mu zo wurinsa: iya na'ura ba ya gyara hali. Hannun da ya iya gina manhaja shi ne ya iya ƙirƙirar labarin ƙarya da zai haɗa gari faɗa. Mayen sani da bai sami tarbiyya ba, ko dai ya zama ɗan amshin shatar mai kuɗi, ko kuwa in shi ya yi kuɗin ya zama azzalumin da ya fi na da iya zalunci.

To, mu mutanen fadama, me ya shafe mu? Ya shafe mu fiye da kowa, domin matsalolin da suka kewaye mu irin waɗanda sai mai naci ne yake warware su. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa, inda ake son ruwa bai zuwa, inda ba a so ya yi ambaliya. Mun ga abin da ya faru a 2020 da 2022, gonakin shinkafa da gidaje suka tafi, makarantu suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Tsuntsayen jan baki suna samun mafaka a cikin kacallar suna sauka a kan amfanin gona. A gefe guda kuma ga dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Masana suna tahowa daga nesa da na'urar hangen nesa don su ƙirga su, alhali ɗan masuncin da ke ajinka ya san kowane tsuntsu da sunansa da lokacin zuwansa, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan ilmi ne da ake ba mutum digiri a kansa.

Wa zai riƙa auna hawan ruwa kowace safiya yana rubutawa shekara da shekaru, har a iya cewa ga ranar da ya kamata mutanen Auyo su kwashe kayansu? Wa zai zauna ya yi ta gwaji har ya gano yadda za a mai da kacalla gawayi ko abincin dabbobi a farashin da talaka zai iya? Wa zai gyara injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana in ya lalace a tsakiyar rani? Mai neman maki kawai ba zai yi ba, domin da an gama jarrabawa ya gama. Sai wanda abin ya shiga ransa, wanda zai manta da abincin rana saboda wata waya ta ƙi haɗuwa.

Saboda haka ina da 'yan roƙe-roƙe, kuma babu wanda yake buƙatar a jira kasafin kuɗi. Na farko, in ka kama ɗalibi da wani abin da ya ƙera ko ya rubuta, ka karɓa in darasi ya buƙaci haka, amma kafin ka yanke hukunci ka ce masa ya yi maka bayanin yadda ya yi shi. Minti biyar bayan an tashi ya isa. Na biyu, mu farfaɗo da ƙungiyoyin ɗalibai da suka mutu a makarantunmu, ta kimiyya, ta marubuta, ta muhawara. Kwali guda na matattun rediyo da tocila da caja, wanda kowane mai gyara a kasuwa zai ba ka kyauta, ya isa a fara. Na uku, duk abin da za a fara a tabbata akwai 'yan mata a ciki tun ranar farko, kuma a sa shi a lokacin da za su iya halarta, ba bayan la'asar da ake jiransu a gida ba. 'Yan uwana malamai mata, wannan yana wuyanku fiye da mu, domin ku iyaye za su fi amincewa da ku. Na huɗu, mu haɗa sha'awar yaro da abin da ke gabansa. Mai son ƙwallon Turai a ba shi teburin gasa ya fitar da matsakaici da kaso cikin ɗari. Mai son labari a ce ta je wurin kakarta ta rubuto yadda aka yi yaƙin Haɗeja da Turawa a 1906 kamar yadda aka ba ta labari. Mai son waya a ba shi aikin ɗaukar hoton gefen kogi wuri guda kowane mako, a ga yadda ruwa ke hawa da sauka. Na biyar, mu koya musu tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan zamani: wa ya faɗi wannan, ina hujjarsa, me zai samu in na yarda?

Ku kuma iyaye da kuke wurin nan, ba na ce ku sakar wa yaro waya ya kwana da ita ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya san bambancin lanƙwasa da karyawa. Ku zauna kusa da shi ku ce ya nuna muku abin da yake yi. In alheri ne kun ƙarfafa shi, in sharri ne kun gani da wuri.

Na yi alkawarin komawa kan yaron kwalekwale. Bayan shekaru masu yawa, injin ban-ruwan da nake noman rani da shi ya lalace, aka yi mini kwatancen wani mai gyara da aka ce babu kamarsa. Na je na iske mutum magidanci, hannu duk baƙin mai, yara uku suna koyon aiki a wurinsa. Yana ganina ya miƙe ya russuna ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ba ka gane ni ba ko?” Ban gane shi ba sai da ya ambaci ƙauyen. Ashe bai gama sakandare ba, shekara guda bayan abin nan ya daina zuwa. Ya gyara mini injin, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi. Da zan tafi na cire kunya na ce masa, “Ka tuna abin da na yi maka? Ka yafe mini.” Ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam, ai ya wuce, kai ubana ne. Abin da kawai ya dame ni a lokacin, na so ka tambaye ni yadda na sa farfelar ta daina jan ruwa baya. Kwana huɗu na yi kafin in gane.”

Har yau ban san iyakar inda yaron nan zai kai ba da na yi masa wannan tambaya. Yana cin halalinsa, yana kuma koyar da wasu, wataƙila ma fiye da yadda na koyar da shi. Amma na san abin da na hana shi, kuma na san ranar Litinin kowane ɗayanmu zai shiga aji ya tarar da irinsa a benci na baya, da wani abu ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ina roƙonku ku tambaye shi.